Gada Shida Aka Yi Mana Alkawari, Biyar Muka Gani

Ba ni na nemi yawon nan ba. 'Yata da ke karatu a Leeds ita ta saya mana tikiti biyu ta intanet, lokacin da na je duba ta a watan Oktoba. Da na tambayi dalili sai ta ce, "Abba, duk ginin da muka wuce sai ka tsaya ka ƙwanƙwasa bango kana jinjina kai. To ga ranar da za ka yini kana ƙwanƙwasawa, ba mai yi maka kallon taɓaɓɓe." Ban musa ba. Shekara talatin da ɗoriya na yi a harkar gini, tsakanin kankare da rodi da siminti, hali kuwa zanen dutse ne.

Abin da aka sayar mana shi ne yawon ƙafa na yini guda tare da jagora, don ganin tsofaffin gadojin dutse da fataken Ingila ke bi da dawakan kaya kafin zuwan titi da jirgin ƙasa. Ana tashi daga garin Hebden Bridge a yammacin Yorkshire, a ƙare a ƙauyen Wycoller da ke Lancashire. Kuɗi fam 48 kowane mutum, har da abincin rana da motar da za ta kai mu Wycoller ta dawo da mu tasha. Tallar ta ce gada shida za a gani, ta kuma ce "tafiya mai sauƙi". A riƙe mini waɗannan maganganu biyu. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don ina da ƙorafi a kansu, kuma masu irin wannan sana'a a yankin ba su kaɗai ba ne. Wanda ya karanta zai san abin da zai tambaya kafin ya biya kowa.

Daga Leeds zuwa Hebden Bridge bai kai awa guda a jirgin ƙasa ba. Mu goma sha ɗaya muka taru a bakin tasha da tara da rabi, ana ɗan yayyafi. Jagoran dattijo ne kusan tsarana, tsohon maginin dutse, yana rataye da jaka mai nauyin da ya karkatar masa da kafaɗa. Da muka yi musabaha na ji tafinsa, na san wannan ba a takarda ya koyi dutse ba. Duk abin yabon da zan faɗa a rubutun nan, kashi tara cikin goma nasa ne.

Gadar farko ita ce tsohuwar gadar tsakiyar gari, wadda garin ya ci sunanta. Wajen 1510 aka gina ta da dutse a madadin ta katako, a kan rafin Hebden. Ni na ɗauka za mu hau mu ɗauki hoto mu wuce. Mutumin nan ya hana kowa hawa. Ya gangara da mu bakin ruwa, inda agwagi ke ta kai da komo, ya ce gada daga ƙarƙashi ake gaishe ta. Daga nan ana ganin bakunanta uku, irin bakan da maginanmu ke kira bakan gizo, da ginshiƙan da ke tsakaninsu, kowanne da goshi mai tsini yana fuskantar ruwa don ya tsaga shi biyu. Tsinin nan bai tsaya a ƙasa ba, ya hau har sama ya zama wani ɗan lungu mai kusurwa uku a gefen hanya. Amfanin lungun shi ne idan kana tsakiyar gada ayari ya tunkaro ka, ka raɓe a ciki dawaki su wuce. Abu ɗaya, aiki biyu. A jikin dutsen akwai rubutun gyaran da aka yi mata a 1602 da 1657, ya sa muka laluba da yatsa. Ya ce a zamanin da za a gina ta mutanen yankin sukan bar wasiyyar 'yan kuɗi don aikin gada, wato dai abin da mu za mu kira sadaka mai gudana.

Sai ya sauke jakar nan, ashe guntayen katako ne a ciki, kowanne an fere shi kai da faɗi gindi a tsuke. Ya ajiye wani rabin da'ira na katako a ƙasa, ya jera guntayen a kansa daga hagu da dama har suka haɗu a sama, ya cusa na ƙarshe a tsakiya, sannan ya zare rabin da'irar. Baka ya tsaya da kansa, ba gam ba ƙusa. Ya dubi jama'a ya zaɓe ni, watakila don na fi kowa jiki, ya ce in ɗora ƙafa in danna. Na danna, ko gezau. Sai ya janye bulon da ya tokare gindin ɓangare ɗaya, ya ce in sake. Kafin in taɓa sosai abin ya watse.

Na san wannan a littafi tun ina makaranta, amma ban taɓa jinsa a tafin ƙafata ba. Dutse yana jure danni, ba ya jure ja. Mu masu kankare rodi muke sa wa ya ɗauki jan. Su ba su da rodi, sai suka lanƙwasa ginin yadda babu dutsen da ake ja, kowanne ɗan'uwansa yake dannawa, nauyin ya bi ta cikinsu ya gangara gefe biyu ya shige ƙasa. Shi ya sa duk ƙarfin gadar yana ga abin da ta tokara a gaɓa. In an samu fa a bakin rafi, a kansa ake kafa ta, ko da hanya za ta ɗan karkace don ta iske wurin. Ya ce yawancin gadojin da suka faɗi ba bakan ne ya gaza ba, ruwa ne ya rarake ƙarƙashin gindi. Ya nuna mana hoton gadar Carrbridge ta Sikotilan, wadda aka gina a 1717. Ambaliyar 1829 ta kwashe katangunta, bakan kaɗai ya rage kamar haƙarƙari, kuma yana nan tsaye har yau. Wannan ta Hebden ma ta ga nata: ranar 26 ga Disamba 2015 ruwa ya cika tsakiyar garin ya shiga kantuna da gidaje, da ya janye ita tana nan inda take.

Minti arba'in muka yi a wurin, kuma da a nan aka sallame mu da ban ce an cuce ni ba.

Ta biyu, gadar Foster Mill, tana can gefen gari, baka ɗaya mai doro. Ba mu daɗe ba. A nan ya yi bayanin me ake nufi da gadar fatake, domin ba kowace tsohuwar gada ce ba. Wani mai bincike, Ernest Hinchliffe, wanda ya bi su ya tattara cikin littafi a 1994, ya kafa sharuɗɗa uku: faɗinta kada ya wuce ƙafa shida, a ce an gina ta kafin 1800, kuma a san cewa hanyar dawakan kaya ta bi ta kanta. Ƙuncin ba rowa ba ce. Doki ɗaya bayan ɗaya ayari ke tafiya, to me za a yi da faɗin amalanke a inda amalanke ba ta zuwa? Haka 'yar katangar gefe. Asali gajeruwa ake yi, wani wuri ma babu ita sam, saboda mangalar da ke rataye a gefen doki biyu ta wuce ta sama ba tare da ta goga ba. Ya ce duk gadar fatake da ka ga katangarta ta kai maka ƙugu, to ka duba da kyau, galibi daga baya aka ɗora, kuma launin dutsen da yanayin sassaƙarsa za su tona asiri.

Daga nan muka shiga "tafiya mai sauƙi".

Akwai wata tsohuwar hanya da ta tashi daga gindin tsohuwar gada ta miƙe sama zuwa ƙauyen Heptonstall da ke kan tudu, ana kiranta Buttress. An daɓe ta da duwatsu, ta tsaya ƙyam kamar tsani, ga gansakuka, ga rubabben ganye, ga yayyafi. Ni kuma takalmin fita kunya na sa, mai sulɓin ƙasa, saboda tallar ba ta ce komai game da takalmi ba. Sau uku ina tsayawa ina riƙe ƙarfen gefe, numfashi na fita kamar zugazugi. 'Yata ta ce, "Abba, ko mu koma?" Na ce, "Uwata, dokin da ya hau nan da buhu biyu bai fi ni zuciya ba." Ƙarya nake yi, ya fi ni. Wata mata a cikinmu da ke dogara sanda ta kasa, sai da jagoran ya sa ta a motar haya ta zagaya ta same mu a sama, da kuɗinta. Wannan laifin kamfani ne tsantsa. Wanda ya rubuta "mai sauƙi" ko dai bai taɓa hawa ba, ko kuwa yana tsoron gaskiya ta kore masa ciniki.

Amma zan yi adalci. Sai da na kai sama na waiwaya sannan na gane gadar da na baro. Daga can garin yana cikin rami, gadar kamar zobe a ƙasan kwano. A zamanin da aka gina ta mutane ba a kwarin suke zaune ba. Kwarin fadama ce da kurmi, ƙauyuka da gonaki da masaƙa duk suna kan tudu, hanyoyi ma ta kan tudu suke bi. Ba abin da ke sauko da fatake ƙasa sai tilas ta tsallaka ruwa, suna tsallakawa kuma su sake hawa. Doki ba ya tsoron hawa kamar yadda amalanke ke tsoro, shi ya sa hanyar ba ta yi wani kwana-kwana ba, ta fuskanci dutsen kai tsaye. Wanda ya zo da mota ya tsaya a kan gadar ya ɗauki hoto ya tafi, ya ga dutse mai kyau, amma bai ga dalilin da ya sa take wurin ba. Gwiwata ce ta biya kuɗin wannan darasi, ba fam 48 ba.

A kan hawan ne ma ya ba mu labarin 1643, lokacin yaƙin basasar Ingila, da mayaƙan sarki suka tsallako rafin suna son su hau su ci Heptonstall, mutanen majalisa da ke sama suka riƙa gangaro musu da duwatsu. Bayan na hau da ƙafata, ban ga abin mamaki ba a yadda aka kore su.

A Heptonstall ya nuna mana tsohon zauren cinikin tufafi na ƙarni na 16, inda masaƙan gida ke kawo ulun da suka saƙa. Daga baya cinikin ya koma Halifax, wadda ta buɗe babban zaurenta a 1779 mai ɗakuna 315. Duk wannan kaya a bayan doki ya yi tafiya. Ƙananan dawaki ne masu ƙarfi, irin Galloway, wanda jinsinsu ya ƙare yanzu. Kowanne yakan ɗauki wajen kilo 100, rabi a kowane gefe, a jera ashirin ko talatin, na gaba da ƙararrawa a wuya don mai tahowa ya ji ya nemi wurin raɓewa. Ulu da tufafi, gishiri daga Cheshire, kwal, dalma, hatsi, farar ƙasa. Ina saurare ina fassara wa kaina: ga madugu, ga ayari, ga zango. Ba kalmar da na rasa.

Muka gangara muka shiga kwarin Crimsworth Dean, tafiyar fiye da awa guda cikin itatuwa da makiyayar tumaki. Wani wuri hanyar jerin shimfiɗaɗɗun duwatsu ce ɗaya bayan ɗaya, tsakiyarsu ya lotsa saboda kofato da takalmi. A nan zan faɗi ƙorafi na biyu a taƙaice: kusan awa uku ba makewayi, kuma ba a gargaɗe mu ba. Mai shekaru ya san abin da nake nufi.

Gadar Lumb ita ce ta uku, kuma ita na fi so. Baka ɗaya ne siriri a kan ƙorama, dab da inda ruwan ke zubawa cikin wani tafki mai duhu. Ba gida kusa, ba titi, ba kanti. Tana kan hanyar da ake kira Limers Gate, wato hanyar masu farar ƙasa. Kalmar ta biyu a bakin mutanen arewacin Ingila ba ƙofa take nufi ba, hanya take nufi, gadon harshen mutanen Sikandinebiya ne da suka zauna a yankin. Dutsen wannan ƙasa mai yashi ne da kaushi, irin wanda ake sassaƙa dutsen niƙa da shi, ƙasar noman kuma tsami gare ta. Dole a ɗauko farar ƙasa daga ɓangaren Lancashire a zuba a gona, a kuma kwaɓa ta a yi gini. Ashe dokin da ke tsallaka gadar, abin da ya riƙe gadar yake ɗauke da shi.

A nan muka yi 'yar muhawara da jagoran, kuma ya kayar da ni. Na ga wani wuri tsakanin duwatsu ya zube, na ce da ni ne da na cike shi da siminti mai ƙarfi an huta. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. Ya ce siminti shi ne babban makashin tsohon gini. Kwaɓin farar ƙasa ya fi dutsen laushi, yana barin danshi ya fita ta cikinsa, kuma idan gini ya ɗan motsa yana bin sa. Siminti ya fi dutsen tauri, ba ya numfashi. Ruwa ya shiga ta baya ya rasa mafita, sai ya taru a cikin dutsen, sanyin hunturu ya daskarar da shi ya kumbura, fuskar dutsen ta ɓare. Bayan shekaru sai ka ga layin siminti ya fito zuru-zuru, dutsen da aka ce ana karewa ya cinye. Ya ce kwaɓi bawan dutse ne, shi ya kamata ya mutu a sake shi, ba dutsen ba. Na yi shiru, don na tuna wurare biyu ko uku da na yi wa irin wannan aika-aika da hannuna, ina ganin gyara nake yi. Ya ƙara da cewa yawancin waɗannan gadoji suna cikin jerin gine-ginen da doka ta kare, wanda hukumar Historic England ke riƙe da shi, ba a taɓa su sai da izini.

Na roƙi minti goma na yi alwala a ƙoramar. Ruwan kamar ana yanka ni da reza. Jagoran ya ja sauran gefe ba tare da na nema ba, ya ci gaba da ba su labari har na idar. Na yaba da wannan.

Sai abinci. A takardar rajista akwai gurbin abin da mutum ba ya ci, 'yata ta rubuta ɓaro-ɓaro ba naman alade. Muka buɗe ƙunshinmu, burodi ne da naman alade a ciki, duka biyun. Ba jagoran ya haɗa ba, daga ofis aka ba shi a ƙulle, amma kunya ta kama shi har kunnensa ya yi ja. Ya ba mu nasa mai cuku muka raba, wata baiwar Allah ta ƙara mana tuffa biyu. Shi ya yini da shayi kawai. In ba za a karanta takarda ba, me ya sa ake ba mutum ya cike?

Daga gadar muka hau wani gajeren tudu zuwa tsohuwar hanyar Haworth, inda mota za ta ɗauke mu da ƙarfe biyu. Ba ta zo ba sai uku saura minti goma. Muna tsaye a fili, iska na kaɗawa, wayar jagoran ba sabis. Direban da ya iso bai ba da haƙuri ba, ya dai ce wani aiki ya riƙe shi, kuma biyar daidai zai ajiye mu a tasha don yana da wani. Wannan minti hamsin ɗin su suka cinye mana gada ta shida.

Jagoran bai bar lokacin ya tafi a banza ba. A tsaye a bakin hanya ya amsa tambayar da wani saurayi ya yi, cewa me ya kashe sana'ar. A ƙarni na 18 aka fara shimfiɗa titunan da ake biya a shinge, suka bi ta cikin kwari inda amalanke za ta iya tafiya. A 1804 aka gama haƙa hanyar jiragen ruwa ta Rochdale, wadda ta ratsa Hebden Bridge. A 1840 jirgin ƙasa ya iso. Masaƙu suka sauko bakin ruwa, mutane suka biyo su, tudu ya zama kufai. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne cewa wannan watsin da aka yi da su shi ya cece su. Gadar da hanyarta ta ci gaba da ciniki, an rushe ta ko an faɗaɗa ta. Wadda aka manta da ita a daji ita ta tsira da siffarta. Ya ce in ka leƙa ƙarƙashin wadda aka faɗaɗa za ka ga layin ɗinki, tsohon baka siriri da sabo manne a gefensa. Ya nuna hoton gadar Ashness ta yankin tafkunan arewa maso yammacin Ingila, wadda mota ke bi yanzu, da na gadar Essex a kan kogin Trent a Staffordshire, gadar fatake mafi tsawo da ta rage a Ingila, mai baka 14.

Baƙi ba sa shiga Wycoller da mota. A wajen ƙauye ake ajiyewa a taka, wannan ma ya ci nasa lokacin. Ƙauyen ƙarami ne, rafi ya ratsa shi, ga kangon wani babban gida a gefe. Gadar fataken nan baka biyu ce, ɗaya ya ɗan karkace kamar zai zauna, amma ya ƙi. Katangarta ko gwiwata ba ta kai ba, hanyar kanta kuwa mutum biyu ba sa jerawa. Abin da ya tsayar da ni shi ne duwatsun bakan: kowane ɗaya ya ratsa faɗin gadar gaba ɗaya, daga wannan gefe zuwa wancan. Na durƙusa na leƙa, ban damu da wandona ba. Takardar da kamfanin ya raba mana ta ce ginin ƙarni na 13 ne, ba ko tantama. Jagoran ya ce masana sun rabu, wasu na cewa na 13, wasu na 15, kuma irin waɗannan gadoji da wuya a samu takardar ranar gininsu, don magina na ƙauye ne suka yi su da dutsen da ke kusa, salon kuma bai canza ba tsawon ɗaruruwan shekaru. Ya ce mafi yawan waɗanda suka rage a arewa tsakanin 1650 da 1800 aka yi su. Na fi yarda da mai cewa an yi saɓani a kan mai buga ƙirji.

Taku kaɗan daga nan akwai ta biyar, wadda ba baka gare ta ba sam: manyan falalen dutse uku aka shimfiɗa a kan ginshiƙai biyu. Ganin su kusa da juna darasi ne. Falalen dutse ba ya iya tsallaka wuri mai faɗi, don ƙasansa ja yake sha, sai ya tsage. Shi ya sa dole a dasa masa ginshiƙi a tsakiyar ruwa, ginshiƙi kuma shi ke tare itace da shara ranar ambaliya. Baka ya raba mutane da wannan matsala. Minti goma sha biyar aka ba mu a kan gadoji biyun, direba na duba agogo. Wurin da ya cancanci awa guda.

Ta shida tana can sama da ƙauyen, falale ɗaya tal da aka ɗora a kan rafi. Ambaliya ta tafi da ita a 1989 da kuma 1990, ta karye, aka ɗinke ta aka mayar. A hoto muka gan ta, a cikin mota, hoton na yawo daga hannu zuwa hannu.

To, a biya ko kada a biya? Idan wannan dattijon ne zai ja ku, a biya, ko da sun ƙara kuɗi. Amma a tambaya tun kafin a biya wa zai yi jagora ranar, don na fahimci ba shi kaɗai suke da shi ba, kuma ba shi ɗin, abin da ya rage mota ce mai latti da burodin da ba a duba ba. A sa takalmin hawan dutse mai haƙora, a ɗauki rigar ruwa da sanda, a riƙe guzurin kai ko me takarda ta ce. Mai ciwon gwiwa ko zuciya ya nemi a kai shi Heptonstall da mota ya jira a can. Yara 'yan ƙasa da goma ban ga abin da za su tsinta ba sai gajiya, ga gadar Lumb da ruwa mai zurfi a ƙarƙashinta. Da ni ke tsara musu, da na raba yawon biyu: Hebden da Lumb yini guda, Wycoller nata yinin daban. Cusa su wuri ɗaya don tallar ta ce "shida" shi ya jawo gaggawar da ta ɓata ƙarshen.

'Yata ta rubuta musu saƙo a daren. Ba amsa. Ta sake bayan kwana biyar, sannan suka dawo mana da fam 12 na abinci, suka ce in muna so mu biyo yawon bazara kyauta daga Wycoller mu ga wadda ta rage. Maganar "mai sauƙi" ba su ce uffan ba, kuma da ta duba shafinsu makon jiya tana nan yadda take. Ni na riga na dawo gida, ita za ta je. Na bar mata tef ɗina na awo, na ce ta auno mini kaurin falalen da tsawonsa, ta kuma leƙa ƙarƙashi ta ɗauko mini hoton inda aka ɗinke shi.